Auta da takardar da ta ce kansa ba ya ɗaukar karatu

Bayan sallar Isha'i mahaifin Auta ya tare ni a ƙofar masallaci, ya zaro takarda daga aljihun gaba, a naɗe cikin baƙar leda saboda ruwa. Shafi uku ce, da Turanci, da sa hannu da hatimi. Ya ce, "Malam, duba mini ka faɗa mini gaskiya. An ce yaron nan kansa ba ya ɗaukar karatu. In haka ne in huta da kashe kuɗi, ya zo rumfa ya tsaya mini. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ni malamin makaranta ne. Da yamma ina koya wa 'ya'yan 'yan kasuwa karatu da lissafi a wani shago da muka mayar aji, kusa da kasuwar Mile 12 a Legas. Fannin ilimi na karanta, a can aka koya mana yadda ake fassara sakamakon gwajin basira, ko da yake yin gwajin kansa aikin masana halayyar ɗan Adam ne. Zan kira yaron Auta, tun da shi ne autan uwarsa. Na sakaya duk abin da zai sa a gane gidansu, kuma da yardar mahaifinsa nake ba da labarin.

An haifi Auta a wani ƙauye na jihar Kebbi, cikin yankin da ake noman albasa. Mahaifinsa ya fi shekara 20 yana sayar da albasa a Mile 12, iyali na gida, sai da Sallah ko damina ya leƙa su. Sai da Auta ya kai shekara 9 aka taho da uwar da 'ya'yanta Legas. Kafin nan makarantar allo kaɗai ya sani, kuma ya yi nisa a cikinta, don ya zo da izu takwas a ka, yana rubuta allonsa da hannunsa. Yana da shekara 10 aka sa shi firamare, aka zaunar da shi aji biyu tare da 'yan shekara 7, a ajin da ake koyarwa da Turanci, yara kuma na hira da Yarbanci da Buroka. Ranar da ya shiga ba ya jin ko ɗaya cikin ukun.

Zango uku a jere shi ne na ƙarshe. Na je na ga malamar ajinsu daga baya, ban kuma same ta da mugun nufi ba. Mace ce da ke fama da aji cike maƙil, ta damu da yaron har ta riƙa rubuta abin da ta lura da shi. A kira sunansa, ba ya waiwayowa. A ba da umarni, sai ya jira ya ga abin da na kusa da shi ya yi sannan ya kwaikwaya. Yana kwafe abin da ke kan allo tsaf, harafi bayan harafi, amma bai san abin da ya rubuta ba, wani lokaci ma daga dama yake farowa. Yara suka laƙaba masa "olodo", wato daƙiƙi, har ya fara fakewa da ciwon ciki don kada ya je. Ita ta ba da shawara a kai shi a gwada, wani abokin ciniki kuma ya nuna wa mahaifin wata cibiya mai zaman kanta. Aka shiga da yaron ɗaki shi kaɗai, mahaifin na zaune a waje, babu tafinta. Kafin awa biyu an gama.

Takardar ta ce an yi masa gwajin Wechsler na yara, jimillar makinsa, abin da ake kira IQ, ta faɗi ƙasa da 70, saboda haka yana da naƙasar basira mara tsanani, a nema masa makarantar masu buƙata ta musamman.

Na roƙi Alhaji, wato mahaifin, ya ba ni wata guda kafin ya yanke hukunci. Da ma'anar lambar na fara, domin shi ya ɗauke ta kamar awon sikeli: an ɗora buhu, allura ta tsaya, magana ta ƙare. Kilo kilo ne, a Kebbi ko a Legas. Makin basira kuwa matsayi ne a cikin jeri. Masu tsara gwajin sukan tara yara masu yawa su ba su tambayoyin, matsakaicin abin da tsararrakin kowace shekara suka ci shi ake kira 100. Kusan kashi biyu cikin uku na yaran sukan faɗa tsakanin 85 da 115, wajen biyu cikin ɗari ne kawai ke sauka ƙasa da 70. Na ce masa, "Alhaji, in aka ce maka albasar nan ƙanana ce, ai sai ka tambaya da wacce aka gwada ta." Yaran da aka jera Auta da su 'yan shekara 11 ne na ƙasar da aka tsara gwajin, waɗanda da Turanci aka goya su, suka kuma yi shekara biyar ko shida a aji. Shi shekararsa ɗaya, Turancinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba.

Wanda ya fara wannan aiki ma ba don a yanke wa yaro ƙauna ya yi shi ba. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajinsu a Faransa, don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, kuma Binet ya fito fili ya soki masu cewa basira ƙayyadajjen rabo ne da ba ya ƙaruwa. Daga baya ne lamba guda ta zama hatimin da ake buga wa mutum: William Stern ya kawo dabarar lissafa maki ta hanyar raba shekarun da tunanin yaro ya kai da shekarun haihuwarsa a 1912, Lewis Terman na jami'ar Stanford ya gyara gwajin Binet don Amurka a 1916. David Wechsler, wanda gwajinsa na yara ya fito a 1949, shi ya yaɗa tsarin kwatanta mutum da tsararrakinsa da ake bi yanzu.

Ba na cikin masu cewa gwajin banza ne. Tun 1904 Charles Spearman ya lura cewa wanda ya yi kyau a wani fannin tunani yakan yi kyau a sauran, kuma bincike na fiye da shekara ɗari bai rushe wannan ba. In aka gwada yaro da harshensa, aka kwatanta shi da irinsa, makin yana nuna yadda zai iya yi a makaranta, ya kuma fi son ran malami adalci. Muna da yara masu naƙasar basira ta gaske, waɗanda ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki ko a yi ta yawo da su wurin masu maganin aljanu, alhali gwaji na ƙwarai zai nuna irin taimakon da ya dace da su. Abin da nake so in tabbatar shi ne ko Auta yana cikinsu.

Ranar Asabar na je rumfar da hantsi, lokacin da motocin da suka kwana a hanya suka gama saukewa, 'yan dako na kai-komo da buhuna, masu sari sun ragu sai masu sayen na miya. Alhaji ya kasa albasa kashi-kashi ya bar Auta a gaba, shi yana ciki suna lissafi da dillali. Wata Bayarabiya ta zaɓi kashi 7 a kan naira 350 kowanne, ta miƙa dubu uku. Kafin ta gama gyara ɗaurin zanenta yaron ya faɗa mata canjinta da Buroka, 550, ya juya ya ce, "Baba, jaka goma sha biyu da hamsin." Ga wanda bai saba ba, jaka a bakin 'yan kasuwarmu naira 200 ce. Ke nan ya haɗa 2,450, ya cire daga 3,000, ya faɗa wa mai saye da harshe ɗaya, ya sanar da mahaifinsa da wani harshen a wani ma'auni dabam. Na tambaye shi yadda ya yi. Ya ce ɗari uku bakwai dubu biyu da ɗari ne, hamsin bakwai ɗari uku da hamsin, sai ka haɗa.

Ranar Litinin da yamma na rubuta masa 350 a sama, 7 a ƙasa, da alamar sau, yadda ake yi a aji. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta 21350. Bakwai sau uku 21, bakwai sau biyar 35, sai sifili, ya jera su gefe da gefe, don ba wanda ya taɓa fahimtar da shi abin da ake yi da lambar da ake ɗauka a kai gaba. Amsar ba ta ba shi mamaki ba, domin a wurinsa wannan aikin makaranta ne, ba ruwansa da kuɗi. Da na ce masa kashi bakwai na albasa ne, sai ya zaro ido ya ce ba mai biyan wannan kuɗi.

Ba a kan Auta aka fara ganin haka ba. A 1985 masu bincike uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, suka buga abin da suka gani wurin yara 'yan talla a birnin Recife na Birazil. A bakin ciniki yaran sun ci kusan duk lissafin da aka jefa musu. Da aka rubuta musu lissafin nan dai da tsurar lambobi a takarda, abin da suka ci bai kai rabi ba.

A nan na yi kuskure. Daɗi ya kwashe ni na ce wa Alhaji ɗansa haziƙi ne, takardar ƙarya ce. Wannan ma hukunci ne da ba ni da hujjarsa. Lissafin da yaro ya maimaita sau ɗaruruwa a rumfa yana nuna yana koyo, yana kuma iya riƙe matakai uku ko huɗu a ka lokaci guda, amma bai nuna ya fi tsaransa ba. Haka hadda: tana nuna naci da iya riƙe jeri, kuma duk mun san masu hadda da tunaninsu matsakaici ne. Abin da rumfar ta tabbatar kaɗan ne, sai dai ya isa ya girgiza takardar. Ƙa'idar da likitoci ke bi ba ta yarda a ce mutum na da naƙasar basira saboda maki kaɗai ba. Sai an ga raunin tunani a gwaji, an kuma ga gazawa wajen tafiyar da al'amuran yau da kullum gwargwadon shekarun mutum da al'adarsa, kamar tsafta da aike da ma'amala da jama'a da riƙe kuɗi da kiyaye kai daga haɗari, sannan abin ya faro tun ƙuruciya. A shafuka ukun nan babu layi ɗaya a kan rayuwarsa ta yau da kullum. Ba wanda ya tambayi mahaifin ko ana aikensa, yaron da ke shiga danfo, motar hayar Legas, shi kaɗai zuwa Ketu ya karɓo saƙo ya dawo da canji cif.

Abin da ya daɗa ɗaure wa Alhaji kai shi ne a gida ba wanda ya taɓa yi wa Auta kallon mara hankali. Mu in mun ce yaro na da hankali, natsuwa muke nufi, da ladabi, da sanin abin da ake faɗa a gaban manya da wanda ba a faɗa. Wayo dabam ne, yana zama yabo yana zama zargi. Basira da hazaƙa su suka fi kusa da abin da gwajin ke nema, wato saurin ganewa da warware abin da ba ka taɓa gani ba. To amma gwajin na daraja sauri ƙwarai, a wasu sassan da agogo ake tsayawa a kan yaro, shi kuwa Auta an tarbiyyantar da shi a kan cewa ɗan kirki ba ya gaggawar amsa wa babba, ba ya haɗa ido da shi, in bai gane ba ya yi shiru ko ya ce "to". Hankalin da aka koya masa a gida shi ya rage masa maki a ɗakin nan.

Akwai kuma sashen da ake tambayar yaro abin da ya haɗa abubuwa biyu. James Flynn, masanin da ya yi suna a wannan fanni, yakan ba da misalin kare da zomo. Ɗan makaranta zai ce dukansu dabbobi ne masu shayarwa, ya ci cikakken maki. Wanda ya tashi a ƙauye zai ce da kare ake farautar zomo. Amsarsa gaskiya ce, ita ce ma mai amfani a daji, amma ba a ba ta maki. Na jefa wannan tambaya a ajina da Hausa, Auta na cikin waɗanda suka ce farauta. Flynn ɗin ne ya nuna a shekarun 1980 cewa a ƙasashe da dama makin gwajin ya yi ta hauhawa a ƙarni na 20, kusan maki 3 duk shekara 10. Jinin mutane ba ya sauyawa cikin ƙarni guda. Makaranta ce ta sauya, da abinci, da lafiya, da irin ayyukan da ake yi. A 2018 Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka tattara bincike da ya shafi mutum sama da 600,000, suka sami cewa kowace ƙarin shekara a makaranta na ɗaga maki tsakanin 1 da 5. Auta shekara huɗu ko biyar ya rasa a kan yaran da aka auna shi da su.

Da na tambaye shi abin da ya faru a ɗakin, ya ce matar ta ba shi tubala masu ja da fari ya jera su kamar hoto, wannan ya ji daɗinsa, amma yana cikin yi take tsayar da shi. Sauran kuwa magana ce ta yi ta yi, wata ya ji, wata bai ji ba. Da Hausa ji iri biyu ne, akwai jin harshe akwai jin kunne. Na ɗauka na farkon yake nufi, ban bi ta kai ba.

Matata ce ta gano. Na roƙe ta ta shiga wurin uwar yaron, tun da ni ba shiga zan yi ba. Suna cikin hira ta tambaye ta ciwace-ciwacen da ya yi yana ƙarami. Uwar ta ce lafiyarsa lau, ban da kunnen nan na hagu da ke zubar ruwa tun bayan ƙyanda da ya yi yana ɗan shekara uku. In ya taso a ɗiga masa magani ya lafa. Ba ta lissafa shi cikin ciwo ba, don ya riga ya zama jiki.

Sau uku muka je asibitin gwamnati, sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Dodon kunnen hagu a huje yake, ji ya ragu sosai ta wannan ɓangare, na dama lafiya lau. Na koma makarantar na nemi a nuna mini wurin zamansa. Saboda tsawonsa an ajiye shi a benci na ƙarshe, a jikin bangon dama, lafiyayyen kunnen na fuskantar taga da ƙarar titi, mai ciwon na fuskantar aji. Shekara guda ya yi a nan yana koyon baƙon harshe da rabin ji. Gwajin jini kuma ya nuna ƙarancin jini, aka rubuta masa maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki.

Likitar yara ta yi wa Alhaji tambaya biyu da suka ba shi mamaki: ko sun taɓa zama inda ake niƙa dutsen zinariya, da kuma ko ana sa wa yara kwalli a gidansa. Dalma take nema. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, inda ake daka dutsen zinariya a cikin gidaje, waɗanda suka rayu kuma da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Kwallin dutse kuwa, wanda Yarbawa ke kira tiro, sau da yawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi sawu har zuwa kwallin da aka kai daga Najeriya, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Iyalin Auta ba daga yankin zinariya suke ba, amma kwalli an sa masa kamar kowane jariri, likitar ta ce a daina sa wa jariran gidan. Wannan ya fi maganar gwaji tayar mini da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa kuma ba ta cika gyaruwa ba. Ga 'yan uwanmu masu sana'ar gwangwan a Legas suna fasa tsofaffin batura da hannu, su koma gida da ƙurar a tufafinsu, yara na rarrafe a ɗaki.

Wata ɗayan da na roƙa ya koma wata tara. Aka wanke kunnen aka bi shi da magani har ruwan ya tsaya. Malamar ta mayar da shi benci na farko, ta hagun aji, kunnen dama na kallonta. Ni kuma da yamma na ajiye Turanci na fara da karatun Hausa da boko. Da ma ya san daga allo cewa harafi sauti yake wakilta, abin da ya rage kawai a sauya masa haruffan a kuma juya masa hanya. Cikin wata biyu yana karanta gajerun labarai. Daga nan muka haura Turanci. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Farfesa Babs Fafunwa, haifaffen Isale Eko a nan Legas, ya jagoranci wani gwaji a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara duk darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci na matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Ɗan Bahaushe a Legas kuwa tsani biyu ne a gabansa, don harshen aji ba nasa ba ne, harshen filin wasa ma ba nasa ba ne.

Gwaji na biyu wata masaniyar halayyar ɗan Adam ce ta yi shi a asibitin gwamnati, a zama biyu. Ta zauna ta damansa. Ta yarda in yi tafinta, amma ta gargaɗe ni: bayanin abin da ake so ya yi kawai zan fassara, ba gyaran murya, ba kallon amsa. Ta yi amfani da gwajin zane-zane irin wanda John Raven ya fitar a 1938, inda ake nuna wa yaro tsari da aka cire masa yanki guda ya zaɓi wanda ya dace, babu buƙatar magana. Lambobin da ake so ya maimaita gaba da baya da Hausa aka karanta masa. Sannan ta zaunar da Alhaji kusan awa guda tana tambaya: wa ke masa wanka, yana sanin lokacin salla, in ya ɓata zai iya komawa gida, ana cutarsa a ciniki, yana da abokai.

Ta rubuta cewa babu alamar naƙasar basira. Tunaninsa a sassan da ba sa buƙatar harshe yana cikin na yawancin yara, ta ɓangaren ƙasa na tsakiya. Yana da nawa a aikin fensir da takarda, karatunsa na Turanci kuma yana baya da tsararrakinsa ƙwarai. Alhaji ya ce, "To, likita, nawa ya ci?" Ta ƙi ba shi lamba. Ta ce jadawalin da ke hannunta ba da yara irin Auta aka tsara shi ba, kuma ko gwajin zanen ma yana fifita wanda ya saba da takarda da hotuna. Ba ta zagi takardar farko ba. A ganinta mai yiwuwa an haɗa makin daidai, hukuncin da aka gina a kansa ne bai da tushe. Na so a ce ya fi haka, don na shaƙu da yaron, amma na yarda da ita. Yaro ne matsakaici, ya makara, kunnensa ɗaya ya yi rauni.

Ƙanen Alhaji, wanda suke rumfa ɗaya, bai gamsu ba. Ya ce, "Yaya, gado ne. Mu danginmu ba na boko ba ne." Maganar ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye da yaran riƙo ya nuna gado na da kaso mai kauri a bambancin basira tsakanin mutane, kason ma na ƙaruwa yayin da mutum ke girma. Sai dai wannan lissafi ne na mutanen da ke cikin yanayi mai kama da juna. Na tambaye su, in aka raba irin albasa na gwangwani ɗaya gida biyu, rabi a fadama mai ruwa da taki, rabi inda injin ban-ruwa ya lalace ana tsakar rani, yaya za a gani? Alhaji ya karɓe maganar daga bakina. Ya ce a cikin kwami ɗaya, in wata ta fi wata girma, sai a ce iri ne. Tsakanin gona da gona kuwa ruwa ne, ko yaro ya san wannan.

Yanzu Auta yana aji huɗu, yana da shekara 12, ya girmi 'yan ajinsu da shekara uku, abin kuma na damunsa fiye da yadda yake nunawa. Ya bar na ƙarshe, yana tsakiya, lissafi ne ke ɗaga shi, rubutun Turanci ke jawo shi ƙasa. Har yanzu wasu na kiransa olodo. Takardar farko na nan a fayil ɗinsa na makaranta, na roƙa aka maƙala ta biyun a kanta, don duk malamin da ya buɗe ya fara cin karo da ita. Alhaji ya ajiye nasa kwafin duka biyun a ledar nan, ƙarƙashin akwatin kuɗi. Ya yarda yaron ya gama firamare, da sharaɗin Asabar da Lahadi na rumfa ne, maganar sakandare kuwa ya ce sai lokacin ya zo. Likitan kunne ya ce hujin na buƙatar aikin tiyata a toshe shi. Alhaji na tara kuɗin, ya ce sai sabuwar albasa ta shigo. An ba mu ranar komawa gwajin ji bayan Babbar Sallah, ni zan kai shi.